Gogen Da Na Hana Shiga Majami'a

A shekarun da soja suka saki mulki, jam'iyyu suka cika gari da lasifika, ni ne mai ba da waƙa a wata ƙaramar majami'a kusa da Gidan Rumji. Lakol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma na haddace littafin waƙoƙin da muka gada daga 'yan mishan. Ina ɗagawa, jama'a na amsawa, babu kiɗa sai tafi. Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata.

Sai wani dattijo daga wajen Cadakori ya karɓi bangaskiya. Tun yana saurayi goge yake yi wa 'yan bori, kowa ya san shi. Ya bar wannan duka, danginsa suka juya masa baya, ya dawo cikinmu da gogensa kawai. Wata Lahadi bayan sujada ya ja ni gindin bishiyar bedi, yana ce mini Malam ko da yake ya girme ni, ya ce ya haɗa waƙa a kan makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya. Ya goga mini baiti na farko. Mata suka bar tafiya gida suka kewaye mu. A nan na gane idan ya shiga da wannan abu, ba wanda zai ƙara sauraron muryata.

Lokacin komai sai an jefa ƙuri'a, har mu a majami'a muka ɗauki salon. Na ce a kai maganar shigar goge majami'a gaban ikilisiya. Kafin ranar na bi gida-gida kamar ɗan siyasa, ina cewa goge kiran iskoki yake yi, kuma maƙwabtanmu Musulmi za su ce bori muke yi da sunan addu'a. Tsoron na gaske ne, shi ya sa aka yarda da ni. Amma ba shi ne dalilina ba. Da aka ɗaga hannu, na ci. Dattijon ya yi murmushi ya ce ba komai, ashe gogen ne bai tuba ba tukuna. Aka yi dariya, har da ni.

Bai daina zuwa ba, sai dai ya koma bencin baya, bakinsa a rufe, don bai iya karatu ba kuma waƙoƙin littafi ba su zauna masa ba. Da damina ta biyu ya rasu. A makabarta matarsa ta ce mini ya bar wasiyya a yi masa waƙarsa ta makiyayi. Na juya ga jama'a, babu wanda ya san ta. Ni kaɗai na taɓa jin baiti ɗaya da kyau, shi ma na fara sai ya ɓace mini. Ta jira, ta jira, sannan ta ce a rufe shi kawai.

Yau jikokina suna kaɗa ganga da jita a majami'ar nan, ba wanda ya ce uffan. Na roƙi gafarar Ubangiji, na roƙi ta matar, amma waƙar ta tafi. Ku masu riƙe da wani abu a gidan Allah, idan kuka tashi hana wani, ku fara tambayar zuciyarku ko Allah kuke karewa ko kujerarku. Ni ban tambaya ba sai a bakin kabari.