Zaren Gwaggo Bai Isa Ba

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga tafireta a ofishin ruwa, amma ba wanda ya san ta da wannan a layinmu. Da kwarashi aka san ta, ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya da ake saƙa da shi. Yana hannunta in tana waya, yana hannunta in tana faɗa, in kuwa ta nuna ka da shi, to fara tunanin laifin da ka yi. Duk jaririn da aka haifa a layin nan tun kafin a zuba kwalta, cikin bargon Gwaggo ya fara barci. Akwai wani ƙaton makanike a bakin titi, gemu har ƙirji, da ba ya iya haɗa ido da ita, don duk ranar da ta wuce sai ta tuna masa a gaban abokan aikinsa cewa nasa bargon ruwan ƙwai ne, kuma tun ranar farko ya jiƙa shi.

Ni ma ta yi ƙoƙarin koya mini, lokacin ina budurwa. Wata uku muka yi, ta duba abin da na saƙa ta ce in je in nemi aikin da ba ya son haƙuri. Haka na ƙare a kantin magani, inda nake har yau. Abu guda dai ya zauna mini a kai, don ta maimaita shi ya fi sau dubu. Kowane curin zaren ulu yana da takarda a ɗaure a tsakiyarsa, a jikin takardar akwai lambar tukunyar da aka rina shi. Kore da kore, kamfani ɗaya, suna ɗaya, in lambar ta bambanta to launin ma ya bambanta, ko da idonka bai gani a kanti ba, zai gani ranar da aka shanya bargon a rana. Saboda haka dokar Gwaggo ita ce, ka sayi duk zaren aikinka rana ɗaya, lamba ɗaya, ka ƙara curi guda don tsaro. Matar da ta zo mata da kukan zare ya ƙare a tsakiyar aiki ba ta samun tausayi, sai wa'azi.

Da can kantunan kayan saƙa huɗu ne a garin. Ɗaya ya koma shagon aski, ɗaya wurin gyaran waya, ɗaya aka rushe aka faɗaɗa titi. Saura na wani tsoho da kowa ke kira Mai Maɓalli, a bayan tasha, lungun da sai ka karkata kafin ka shiga. Kwalabe cike da maɓallai tun daga ƙasa har rufi, zif a rataye kamar barkonon shanya, allurai a cikin 'yan akwatuna masu lamba, zare kuma yana can ciki inda rana ba ta kaiwa. Shi da Gwaggo sun yi shekara talatin suna faɗa. Ita ta ce kayansa sun lalace, shi ya ce idonta ne ya lalace, sannan ya jawo mata kujera.

To, Auta, 'yar Gwaggo ta ƙarshe kuma mace tilo, tana aure a wani gari mai nisa mai sanyi, tafiyar yini guda a mota. Shekara goma sha ɗaya ba haihuwa. Sau biyu ciki yana shiga, sau biyu Gwaggo na zuwa kanti ta sayi curi goma cif, sau biyu cikin yana zubewa. Zaren nan ba ta iya kallonsa ba, kyauta ta yi da shi. Da labari ya zo karo na uku, sai ta tafi wurin Mai Maɓalli ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba, ta sayi curi shida na wani kore mai sanyi, ta ɓoye a ƙasan akwati. Bargo kuwa tara yake ci. Ta sani sarai. Tsoro ne ya hana ta cikawa, gani take in ta sayi duka kamar ta yi gaggawar murna ne.

Sai da ciki ya shiga wata takwas ta fito da zaren ta fara. Ta ce in ta ci rabi za ta koma ta cika. Ranar da ta koma, ta tarar da ƙofar a buɗe, an yi fenti fari, wani saurayi yana jera takalma a inda kwalaben maɓalli suke. Ta tsaya tana kallonsa har ya tambaye ta lambar ƙafarta.

Bayan kwana tara Auta ta sauka lafiya, namiji. Aka tsayar da tafiya ranar Alhamis ta sama, ni zan raka Gwaggo, don mijinta, wanda muke kira Baba Masinja saboda aikin da ya yi har ya yi ritaya, likita ya hana shi doguwar tafiya, ƙafafunsa kumbura suke in ya daɗe a zaune. Bargo kuma ya tsaya a kashi biyu cikin uku, zare ya ƙare ƙaf. Matar da ta rufe 'ya'yan layi guda, jikanta na wurin Auta ne zai tashi ba bargo. Ta kira ni ta faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman maganin ciwon da ake jin kunyarsa.

Ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Gwaggo, ba kin duba lambar tukunya ba?"

Ta nuna ni da kwarashi. "Ɗauko mayafinki, 'yar nan."

Kwana biyu muna zaga gari da guntun zare a ɗaure a bakin gyalenta. Masu kayan tela suka ce su zaren keke kawai suke da shi. A babban kantin nan mai na'urar sanyi, wata yarinya mai kwalliya ta saurare mu da kyau, ta kai mu wurin tsintsiya da igiyar shanya. A kasuwa aka yi ta miƙa mu daga rumfa zuwa rumfa har muka dire gaban mai kayan kitso, ya zaro baƙin zaren da ake ƙara wa gashi ya ce shi ne ulu. Gwaggo ta tambaye shi ko ya taɓa ganin an yi wa jariri kitso a duk jiki. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda muka tambaya sai ya ce, "Ai da akwai wani tsoho a bayan tasha," kamar mu baƙi ne.

Tsohon ma mun neme shi, muka same shi a gidan ɗansa, yana zaune a baranda, hannu ba abin yi. Ya ce haya ta yi tsada, masu saye sun mutu ko sun makance, sauran kayan kuma wani ɗan kasuwa ya kwashe a buhu ya yi gaba da su. Ya karɓi guntun zaren ya murza.

"Shida kika saya," in ji shi. "Na so in ce ki ƙara huɗu. Da na ga fuskarki sai na yi shiru."

Na ɗauka za ta mayar masa da magana kamar yadda suka saba. Sai kawai ta ɗaure zarenta muka fito. A hanya ne ta ce tsohon ya rame, ba a ba shi abinci da kyau.

Nan na ga lokacina ya yi da zan nuna amfanin boko. Na buɗe waya na nuna mata hotuna, kore kala-kala, na ce ta zaɓa, kwana biyu zai iso. Ta kara guntun zarenta a jikin gilashin wayar, ta ce ita ba ta taɓa sayen zaren da ba ta murza ba, amma ta zaɓa. Ranar Litinin aka kawo. Koren da ya fito daga leda, ko a duhu za ka gan shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta gutsuri kaɗan, ta ƙyasta ashana ta kara. Ulu na gaske ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. Wannan narkewa ya yi ya dunƙule, ya yi baƙi ya yi tauri.

"Roba ce," ta ce. "Ki saƙa wa wayarki riga da shi."

Daga ranar ne ta fara kallon mijinta. Baba Masinja yana da wata suwaita koriya da ta saƙa masa shekara goma sha tara da suka wuce, ulu tsantsa. Tun ranar da ya fara sa ta yake ƙorafi, wai wuyan ya matse, wai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ko da zafi sai ka gan shi da ita da safe yana jin rediyo. Wanki ya sa ta yi laushi, launin ya koɗe. Gwaggo ba za ta roƙa ba, ba halinta ba ne, kuma a wurinta warware abin da aka ba mutum kyauta abin kunya ne. Sai dai ta kawo masa shayi ta tsaya, idonta a kafaɗarsa. Ta wuce ta bayansa ta ɗan shafa.

Ranar Talata da safe na biya kafin in tafi aiki, na same su a haka. Baba ya rage muryar rediyo.

"Tun jiya kike kallona," ya ce. "Na ɗauka so ne ya dawo sabo. Ashe awo ake yi mini."

"Wa ya ce maka wani abu, Malam?"

"Curi nawa zan bayar?"

Ta sake duban kafaɗarsa. "Uku da rabi. In asu bai ci ba."

"Launin ai ba ɗaya ba ne. Ina dokar taki?"

"Dokar tawa ce, ni na san inda na ajiye ta."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya kama gindin suwaitar ya ja sama. Wuyan nan da ya yi shekara goma sha tara yana zagi ya maƙale a kunnuwansa, sai da muka taru mu biyu muka zare shi. Ya zauna daga shi sai singileti, ya zama ɗan ƙarami a kujerar, abin ya ba ni tausayi ba shiri. Ya miƙa hannayensa biyu gaba ba tare da an ce masa ba. Gwaggo ta yanke ƙullin wuya, ta kama bakin zaren, ta fara warwarewa tana naɗawa a hannayensa. Na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya.

Zaren da aka warware a murɗe yake fitowa, sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi an rataye da nauyi a ƙasa kafin ya miƙe. Kwaɗon ƙofa da gwangwanin madara muka ɗaura. Da ya bushe sai ga wata matsala. A ƙirjin suwaitar akwai tsohon tabon tawada, babba kamar tafin hannu, da wanki ya kasa fitarwa. Yanzu da aka warware, tabon ya rarrabu, kowane taku biyu sai ɗigon shuɗi a jikin zaren. Na ce a yanke wuraren a ƙulla. Ta ce in an yanke ba zai isa ba, kuma ba za ta kwantar da jariri a kan ƙulli hamsin ba. Ta saƙa shi haka nan. Yini biyu ba ta yi wa kowa faɗa ba, ranar Alhamis a cikin mota ta ƙarasa bakin, direba na faɗawa rami tana tsaki.

Gaskiya bargon bai yi kyau ba. Kashi biyu kore mai sanyi, layi a miƙe, kashi ɗaya koɗaɗɗe mai zanen shuɗi barkatai. Da wata ce ta kawo mata shi, da sai ta sa ta warware. Da muka isa, ta gama ɗaukar jikanta, ta gama duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fito da bargon a ninke, gefen mai kyau a sama, ta ajiye a bakin gado tana wani zance daban.

Auta ta warware ninkin. Ta bi gefen da hannu har ta zo kan ɗigon shuɗin, ta tsaya.

"Mama, wannan ai biron da na fasa ne. Ranar da Baba ya ɗauko ni daga makaranta ina kuka, na cije shi a aljihunsa." Ta ɗago. "Me yake sawa yanzu da safe?"

"Bargon gado yake yafawa," in ji Gwaggo. "Ya ce ya fi masa daɗi, wai ba ya matse wuya."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta juya bargon, ta shimfiɗa koɗaɗɗen gefen ta wajen kai, ta karɓi ɗanta ta kwantar a kai. Gwaggo ta buɗe baki za ta ce ba haka ake shimfiɗa shi ba, mai kyaun ne sama, sai ta fasa. Ta ce in kira mata Malam a waya.

Da ya ɗauka bai tambayi hanya ba, bai tambayi mai jego ba. Cewa ya yi, "Ya isa?"

"Ya isa," ta ce. "Yana kwance a ƙirjinka."