Kabad ɗina da allon giyar Malam Iro

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Iro direba, kuma har yau ban yafe masa abin da ya yi wa kabad ɗina ba.

Maƙwabta muke a ɗakunan baya na wani gida a Nassarawa GRA. Shi yana tuƙa maigidan, ni ina haya bayan na ajiye aikin koyarwa. Shi Musulmi ne daga ƙauyen Katsina, ni Kirista daga Zariya, tashin makarantar mishan inda ake bugun yatsun yaro idan ya ja layi a karkace. A can na koyi aikin kafinta. Da hannuna na haɗa kabad ɗin, domin adana Littafi Mai Tsarki na mahaifina da littattafan waƙoƙinsa, kuma babu kusurwar da ban auna ba.

Wata damina rufinmu ya fara yoyo, ɓeraye kuma suka kama cin bayan katakon. Na ƙudura lulluɓe shi da sabon kwano shimfiɗaɗɗe, amma fansho bai kai ba. Na faɗa wa Iro damuwata, sannan na tafi Zariya jana'iza, na bar masa makulli don ya riƙa tara bokiti.

Lokacin ne aka ƙaddamar da Shari'a, masu gidajen giya suna ɓalle allunan tallarsu na langa-langa suna sayarwa da arha. Iro ya samo guda biyu a unguwar Kawaji. Da na dawo, sai na tarar da kabad ɗina sanye da su. Bai auna ba, bai tanƙwasa bakin ƙarfen ba, ƙusoshin kuwa kowace ta kama gabanta, an buga ta ta tsakiyar murfin kwalba. A tsakiyar ƙofa ga hoton ƙatuwar kwalbar giya, a kife. Ni da nake dattijon ikilisiya, ban taɓa kurɓar giya ba.

Na tambaye shi me ya hana ya juya hoton ciki.

Ya ce, "Malam Yohanna, fentin shi ke hana tsatsa, dole ya kalli ruwa. Kuma ka ga na kife ta, abin ciki ya zube. Ko liman ya gani sai ya sa mana albarka."

Na yi fushi sosai. Na yi alkawarin ɓalle aikin da zarar na sami hali. Halin bai zo ba, sai ajalin Iro ya riga shi.

Da yana raye, ban san me zai ce da unguwar nan ba. An sare itatuwan, katanga ta yi tsawo, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, balle ya riƙe masa makulli. Ina zaton kayan zamani za su burge shi, domin bai taɓa ganin abu mai ƙyalli ya tambayi ingancinsa ba. 'Yata Rifkatu ma haka take. Watan jiya ta aiko mini sabon kabad na garin katako, wanda laima ɗaya za ta kumbura shi, ta kuma kira ɗan gwangwan ya ɗauke tsohon.

Ta ce, "Baba, kullum cikin kushe shi kake. Ga dama ta samu."

Gaskiyarta. Aikin banza ne, kuma zan ci gaba da faɗa. Amma littattafan mahaifina ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba, kuma ban da wannan ƙarfen, ba ni da wani abin da hannun Iro ya taɓa. Na sallami ɗan gwangwan, na zuba takalma a sabon kabad ɗin.

Allah ya jiƙan Malam Iro. Jiya ma bakin ƙarfen da ya ƙi tanƙwasawa ya yage mini hannun riga. Ina da guduma, na kuma san yadda ake gyarawa. Allura na ɗauko.