Tsarabar Sai-Baɗi

Ni na raɗa masa sunan, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Mijin yayata ne, saboda haka ina da hurumin tsokanarsa son raina. Duk shekara in aka rufe makarantu aka shiga dogon hutu, mutanenmu da ke zaune a ƙasar nan suka fara ɗaure kaya, sai an sami mai tambayarsa, "Bana da ku za a je gida?" Shi kuwa sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai bana ta ƙure, sai baɗi in Allah ya kai mu." Tun yana ɗaure fuska in na kira shi Sai-Baɗi, har ya gaji ya fara amsawa.

Abin dariyar shi ne a filin jirgin sama yake aiki, cikin masu loda kaya. Da safe zai zura riga mai ƙyalli, ya toshe kunnuwa saboda ƙarar inji, ya rarrafa cikin tumbin jirgi yana jera akwatunan mutane. Lokacin hutu ne aikinsu ya fi zafi. Yana dawowa da yamma kafaɗa a sage, amma baki bai gaji ba.

"Yau na ɗaga wata jaka," zai ce yana cire takalmi, "wallahi sai da bayana ya amsa. Wannan bawan Allah ya san yadda ake shiga gida da mutunci."

Sai in ce, "To kai yaushe wani zai ɗaga taka?"

"Sarkin surutu, kawo min ruwa."

Mutumin kirki ne, kar a ce na ɓata shi. Bai iya zama ba ne kawai. In yana gida, ko dai yana gyaran famfon da bai lalace ba, ko yana leƙa taga, ko yana safa da marwa tsakanin falo da kicin da waya a kunne. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, Inna, kuma kowa a danginsu shi yake kallo. Kafin ya auri Yaya ya taɓa komawa gida sau ɗaya, da ɗan akwati guda. Wata goggonsa ta jujjuya kwalbar turaren da ya ba ta, ta dubi matan da ke zaune ta ce, "Ashe can ma damina ba ta yi kyau ba." Aka kwashe da dariya. Goggon ta daɗe da mantawa, na tabbata. Shi bai manta ba. Ya rantse wa kansa ba zai sake taka ƙofar gidansu ba sai da tsarabar da za ta isa kowa, daga kawu har jaririn maƙwabta.

Daga nan jakunkuna suka fara taruwa. Gidansu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo, kuma rabin ɗakin yara ya zama sito. Duk shagon da aka karya farashi sai ya leƙa. Yadi, takalma, agogo, barguna, tocila, rigunan sanyi ga mutanen da zafi ke gasawa. Matsalar ita ce dangi ba sa tsayawa su jira shi. Kafin ya kammala, an yi aure biyu, an haifi uku, yaron da ya saya wa wando ya fara gemu. Sai ya sauke jakunkunan, ya baje a ƙasa, ya sake rabo daga farko, ya gano akwai waɗanda ba su samu ba. In aka ba wani aka hana wani kuwa, a cewarsa, gara ma ba a je ba.

'Ya'yansu biyu. Babbar mace ce, sunan Inna aka sa mata, don haka Takwara muke ce mata. Sai Auta, wanda bai daɗe da shiga makaranta ba. Dukansu a nan aka haife su, kuma Inna ba ta taɓa ɗaukar ko ɗayansu ba. A waya kawai take ganinsu suna gilmawa da gudu.

Hutun bana ya zo mana da zafi irin wanda ba a gina gidajen nan dominsa ba. Yaya tana aiki a gidan kula da tsofaffi, shi yana filin jirgi, ni kuma ina tsaron kanti da yamma, saboda haka rainon safe a kaina ya faɗa. Wanda bai taɓa kulle yara biyu a bene tsawon yini ba bai san tashin hankali ba. Fanka ɗaya ce, ita ma iskar zafi take juyawa. Kafin in wanke kofi sun mayar da kujera doki, kafin in sauke Auta daga kan teburi Takwara ta buɗe firij ta tsaya a gabansa wai tana shan iska. Tsohon da ke zaune a ƙasanmu yana da sandar mopa da ya keɓe musamman domin mu. Da zarar sun fara tsalle sai mu ji ƙwas ƙwas daga ƙarƙashin ƙafafunmu. In na kai su filin wasa, lilon ƙarfe ya yi zafin da ba ya zaunuwa, kuma babu kowa. Abokansu duk sun tafi wurin kakanninsu.

"Anti, mu ba mu da kaka ne?" Takwara ta tambaye ni wata rana da Hausarta mai ɗingishi.

"Kuna da ita mana. Ba ga ta nan kuna gaisawa a waya ba?"

"To me ya sa ba ma zuwa?"

Na ce ta tambayi babanta, don ni ban iya ƙarya da rana tsaka ba.

Hutun bai yi nisa ba ƙanwarsa ta kira daga gida. Idanun Inna ne. An daɗe tana cewa hazo-hazo take gani, ana ɗauka tsufa ne. Da aka kai ta asibiti likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani sai dai ya rage masa gudu. Ƙanwar ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce in ana so Inna ta ga jikokinta da idonta, to a kawo su yanzu.

Ranar Sai-Baɗi bai zauna ba ko na minti ɗaya. Ya ce an gama magana, bana za a tafi. Ya nemi hutu a wurin aiki aka ba shi, ya fito da fasfo ɗin kowa ya jera a kan teburi. Har na fara tunanin wane sabon suna zan sa masa. Washegari kuwa sai ga shi ya shigo da ledoji biyu, yana haki.

"Na tuna ban saya wa surukan ƙanina komai ba. Sannan matan layinmu, su ne fa suke duba Inna. A shiga a wuce su hannu rabbana?"

Yaya ba ta da yawan magana, ni na kwashe rabonta tun a ciki. Ta dube shi kawai ta ce, "Baban Takwara, a wurin aikina na ga wadda ta gane ɗanta ran Talata, ran Juma'a tana tambayarsa ko shi ne sabon likita. Abin nan ba ya jira."

"Na sani. Kwana kaɗan kawai, in ƙarasa."

Kwana kaɗan ɗin nan muka yi ta ci har hutu ya raba tsakiya. Kullum akwai wanda aka manta. Ya ari sikeli, ya auna jakunkuna, ya rage, ya ƙara, ya sake aunawa. Ya kai ga ko hutun da aka ba shi ya koma ya ce a ɗaga masa. Ni dai raina ya gama ɓaci. Ina son mutumin nan kamar wana na jini, amma a kwanakin nan ko ganinsa ba na son yi.

Wata Laraba zafi ya kai intaha, na ɗan kishingiɗa a falo barci ya sace ni. Shirun da na ji ne ya tashe ni, don a gidan yara shiru ba alheri ba ne. Na leƙa ɗaki babu su. Ƙofar waje a buɗe. Na fita da gudu ko ɗankwali babu.

A kan matakala na same su. Sun jawo jaka ɗaya sun zazzage ta, sun zauna ɗaya a bayan ɗaya, kowa ya ɗaura ɗamara da sabon yadi. Takwara ce matuƙiya, da murfin tukunya a hannu. Auta yana baya sanye da wasu jajayen takalma, ya rungume bargo. Sabulai da tociloli sun gangara har hawa na biyu.

"Anti, shigo da sauri," in ji Takwara, "za mu tashi. Wurin Inna za mu."

Ban kai ga buɗe baki ba na ji takun babansu yana hawowa. Ya tsaya yana kallon tsarabarsa a warwatse, jijiyar wuyansa ta miƙe. Bai taɓa dukansu ba, amma ranar na shiga tsakani don ban yarda da fuskarsa ba.

"Wa ya ce ku taɓa? Kun san na wa ye wannan takalmin?"

Auta ya miƙa ƙafa yana murna. "Baba, ya yi min daidai."

Daidai kuwa ya yi masa, cif. Ɗan ƙaninsa ya saya wa tun ba a haifi Takwara ba, yaron da yanzu shi ke tuƙa babur ya kai Inna asibiti. Sai-Baɗi ya daɗe yana kallon ƙafar. Na ɗauka jikinsa zai yi sanyi. Sai ya durƙusa ya fara tsince sabulai yana cewa, "Shi ke nan, sai an nemo wa wancan wani. Babba."

Yaya tana bayansa a kan matakalar, ta dawo daga aiki da jakarta a kafaɗa, ta ji komai. Da aka shiga ciki aka rufe ƙofa sai ta dube shi.

"Jibi zan tafi da yaran nan," ta ce. "In za ka zo, bismilla."

"Da wane kayan? Ba a gama ba."

"Da kayan jikinmu."

"Haka za ki shiga gidanmu, hannu na dukan cinya? Ki san abin da za a ce? Kunyata ni za ki yi a gaban dangi."

"Kunyar a kaina. In an yi dariya ni za a yi wa."

Na tsoma baki na ce ai zuwa da kai ya fi saƙo. Ya ce babu ruwana a maganar manya. Ya roƙe ta ta ɗauki ko jaka biyu, sannan da bakinsa ya ce a'a, in aka kai biyu masu sauran za su ji haushi. Ƙarshe dai ya ce su yi gaba, zai biyo su da komai da zarar ya kammala. Shi ya kai su filin jirgin, ya ɗaga ɗan akwatinsu da yatsa biyu, ya kawar da kai don kar abokan aikinsa su ga rashin nauyinsa.

Gidan ya yi tsit. Tsohon ƙasa ya huta da sandarsa, har ya tare ni a ƙofa yana tambaya ko lafiya. Sai-Baɗi kuwa ya ƙara zama abin tausayi. Ya kwance fanka ya wanke, ya mayar, ya sake kwancewa. Nakan biya in dafa masa abinci, in same shi a tsaye a tsakiyar ɗakin yara bai san abin da ya shigo ɗauka ba.

Ran Lahadi da hantsi ina can Yaya ta kira ta bidiyo. Hayaniya ce ta fara shigowa. Tsakar gida cike da yara, Auta ba riga yana bin akuya, ƙafafunsa futu-futu. Babu wanda ya yi maganar tsaraba, ko da yake na san an yi ta a bayan ido. Sannan aka juya wayar. Inna tana zaune a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta riƙe fuskar Takwara da hannu biyu, ta kawo ta dab da tata, tana karkata kai gefe guda.

Aka ce mata ga shi a waya. Ya gyara zama, ya cire hula ya mayar, ya gaishe ta. Ta karɓi wayar ta manna ta kusa da ido, har ba ma ganin komai sai gefen goshinta.

"A abin nan haske kawai nake gani," ta ce. "Amma naka sun zo, na gan su. Yarinyar har da wushiryarka. Allah ya raya."

"Amin, Inna. Ina nan tafe, wasu 'yan kaya ne suka…"

"Ban tambaye ka kaya ba."

Matar nan ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ta ja numfashi, ta sassauta murya yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Idona na dama ya riga ya tafi tun kafin su iso. Na hagun nake lallaɓawa, ko rana ba na bari ta dake shi. Kai nake ajiye wa."