Bencin Baya a Cocinmu

A cocinmu na Mayo Gwoi akwai wani benci a can baya kusa da ƙofa, na waɗanda dattawa suka sa a horo. Wanda ya yi laifi nan zai zauna, ba ya cin jibin Ubangiji har sai an sake karɓarsa. Mamata ta zauna a kai wata shida, saboda ta dafa burkutu ranar gayyar gonarmu.

Da wa'adin ya cika, fasto ya kira ta gaba ya yi mata addu'a, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Lahadin da ya biyo baya sai ga Mama ta koma bencinta. Haka ta yi shekara da shekaru. Tana cin jibi, tana waƙa, amma daga can baya. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, abin ya tsaya mini a rai. In an ce Yesu ya ɗauke zunubi, me ya rage da take gadinsa?

Sai da na yi aure na samu bakin tambayarta, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

"Mama, ko ba ki yarda Allah ya yafe miki ba ne?"

"Ya yafe mana. Ke kin fi ni sanin Littafi ne?" Daga nan ta faɗa mini abin da ban sani ba. A ranar gayyar, wani maƙwabcinmu ya sha burkutun, ya hau mashin zai koma gari, ya faɗi a hanya ya rasu. Matarsa kuwa a gaba take zama, daidai wurin da Mama take zama a da. "Da wane ido zan dube ta?" in ji ta.

Ban iya riƙe maganar ba. Na je Abbare, inda matar ta koma da zama, na kwashe komai na faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

"Yarinya, ni fa na ɗauka fushi take da ni. Maigidana ne ya dame ta sai ta dafa, shi ya jawo mata horo. Kunyarta nake ji tun lokacin."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi kukan.

Ranar Lahadi ana tsakiyar waƙar farko, matar ta tashi da Littafinta a hannu, ta ratsa coci kaf har baya. Mama ta sunkuyar da kai. Matar ta tsaya a kanta ta ce, "Matsa min mana, ƙafafuna ciwo suke yi."

Mama ta matsa.