Gwiwar Tolliver da Idon Baba Cleavon

Ƙarfe shida na safe Cleavon Hargrove yake buɗe ɗakin bidiyo na kulob ɗinmu na ƙwallon Amurka, wadda ake ruga da ita a hannu, da kofi a hannu da wani guntun kwali a hammata. Sai ya manna kwalin a rabin allon bidiyo na sama, ya rufe fuskar ɗan wasa da kafaɗa da ƙwallon ma gaba ɗaya, ya zauna yana kallon ƙafafu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana duba masu ruga da ƙwallo ta haka. Samarin ofis suna kiransa mai sayen takalmi, shi kuwa ko a jikinsa.

A ƙarshen wannan watan zai ajiye aiki, kuma babu jaridar da za ta buga hotonsa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da muka gani da idonmu.

Demario Tolliver ya yi mana shekara shida yana kutsawa tsakanin ƙarti da ƙwallo a ƙirji, har ranar da gwiwarsa ta dama ta tsinke aka yi masa aiki. Da ya dawo aka sa masa agogo a gudun yadi arba'in, aka ga ya rage sauri. Saura kwana tara a rage 'yan wasa, kuma manaja Brent Sorensen ya riga ya sa sunansa cikin waɗanda za a sallama. Mai ruga da ƙwallo ɗan shekara ashirin da tara, da gwiwa mai ɗinki, idan aka sallame shi babu mai sake kiransa.

A taron ranar Litinin Sorensen ya ce, "Dattijo, agogo ya gama magana. Gwiwar ta mutu."

Cleavon ya ce, "Yallaɓai, yaushe rabon da ka ga an bar mutum ya yi gudun yadi arba'in a miƙe, babu mai tare shi? Wannan ai sai ɓarawo."

Aka yi dariya, ban da manaja. Cleavon ya roƙi kwana uku, ya ce idan ya yi kuskure a sallame shi tare da Tolliver. Ba wasa yake ba, don a gabanmu ya ajiye makullin ɗakinsa a kan tebur.

Abin da ya gano shi ne wannan. A wasannin gwaji Tolliver ya ɗauki ƙwallo sau ashirin da bakwai, ko sau ɗaya bai dogara da ƙafar dama ya karya kwana ba. Kowa ya ga wannan. Abin da babu wanda ya damu ya kalla shi ne lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, yana tsaye yana kare abokin wasansa mai jefa ƙwallo. Nan sai ga ƙato kamar buhun siminti uku ya taho a guje, Tolliver ya kafa wannan ƙafar dai ya tare shi, ko gezau.

Cleavon ya kira Tolliver ɗakin ya nuna masa. "Ɗana, ƙafar wa ce wannan?"

Tolliver ya ce, "Tawa ce, Baba."

"To da ka aro ta wani ne? In don wani ne ka yarda da ita, in don kanka ne sai ka riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai. Gwiwarka ta warke tuntuni, kai ne ba ka samu labari ba."

Tolliver ya ƙura wa allo ido, sannan ya ce a mayar masa da bidiyon baya. Sau goma sha ɗaya aka mayar.

A wasan gwaji na ƙarshe ya karɓi ƙwallo, mutum biyu suka rufo masa. Ya dasa ƙafar dama, ya karya hagu, su biyun suka rungumi juna. Yadi tara kacal ya ci, amma ni da nake gefen fili sai da hawaye ya zubo mini. Da safe Sorensen ya goge sunan daga cikin waɗanda za a sallama. Tolliver ya ƙara kakar wasa huɗu tare da mu, ya bar fili da ƙafarsa, a ranar da shi ya zaɓa.

Kai ne, Baba Cleavon, mai kallon inda ido ba ya zuwa. Kai ne ka sa wuyanka saboda mutumin da ba ɗanka ba, alhali da ka yi shiru babu mai zarginka. Kuma kai ɗin ne ka sha gaya wa wasu cewa lokacinsu ya wuce, ido da ido, ba ka taɓa aika musu da takarda ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, watan Agusta, lokacin rage 'yan wasa, na nan tafe, za a kawo muku sunaye a ce ku ja layi. Kowane suna akwai gida a bayansa. Kada hannunku ya taɓa biro sai kun kalli mutumin har ƙarshe.