Shekarar Da Muka Yi Jinyar Inna

A shekarar da surukata ta kwanta ciwo ne maigidana ya karɓi katin bashi daga banki. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Kazaure, albashi sai ƙarshen wata, magani kuwa ba ya jira. Katin ba irin wanda muka saba cirar kuɗinmu da shi ba ne. Banki ne ke biya maka, kai kuma ka mayar masa daga baya. Da fari Malam ya ƙi, saboda gudun kuɗin ruwa. Sai da aka tabbatar masa cewa in ya biya kafin wa'adi ba za a ɗora masa ko kwabo ba, sannan ya sa hannu.

Muka ɗauko Inna, surukar tawa, daga Gwiwa, muka ba ta ɗakin da ke kusa da nawa. Tsohuwa ce mai son hira. Kullum sai ta ce kununa ya cika ruwa, kuma kullum sai ta shanye shi tas. Ta yi damina tare da mu, Allah ya karɓi abarsa ana cikin girbi.

Da sabuwar shekara ta kama, banki ya turo bayanin katin na shekarar da ta wuce. Malam ya bugo shi a takarda ya miƙo mini da hantsin wata Asabar, tunda ni ke riƙe da cefane. A ƙasa na ga jimla biyu, ɗaya kusa da ɗaya. Na haɗa su a kaina.

"Malam, duk wannan muka ci a shekara guda?"

Ya leƙo, ya ga inda na ɗora yatsa, ya yi murmushi. Rabon da in ga murmushinsa tun kafin rasuwar.

"Uwargida, haɗa su kika yi? To, in kin karɓo rancen gero kwano goma a wajen Yaya a Babura, kika mayar masa bayan girbi, kwano ashirin kika ci ke nan?"

"A'a, goma."

"To haka nan. Wannan abin da muka kashe da katin ne. Wancan kuma abin da na mayar wa banki daga albashi. Kuɗi ɗaya ne, ya fita, ya koma."

Na sake dubawa. "Amma abin da ka mayar bai kai wanda muka kashe ba."

Ya ce abin da ya rage ɗin sayayyar watan ƙarshe ce, wa'adinta sai a wannan watan, don haka za ta fito a lissafin bana. Hankalina ya kwanta, na ja tabarma muka zauna, muna bin layukan tare. Ga kantin magani, ga gwajin jini, ga kantin magani kuma. Ga bargon da Inna ta ce ya fi ƙarfin tsohuwa, amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata shi ba. Muka yi dariya. Da muka gangaro ƙasa, sunan kantin maganin bai sake fitowa ba. Malam ya mayar da yatsansa kan layin ƙarshe da sunan ya fito.

Can ya ce, "Da ma a ce har yanzu ina biyan kuɗin maganin."

Na ce, "Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Ke ma Allah ya saka miki."

A ƙarshen watan ya biya ragowar. Ƙaninsa da ke koyarwa a Roni ya zo da nasa kason na kuɗin jinyar Inna, Malam ya ce ya mayar da abinsa, ya sai wa yara takalman makaranta. Suka daɗe a zaure suna ja-in-ja, kowa na rantsuwa, har tuwon da na kai musu ya huce.