Tsuntsun Wutar Da Na Ƙi Mayarwa

Shekarata goma sha uku a lokacin, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ni ne autan wani mai sayar da atamfa a Fagge. Yaro ne ni mai baki, mai son a ce ni ne kan gaba a komai, ko da a tseren zuwa sayen ƙosai ne. Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, na rigimar gado da na damfara da na rashin lafiya, har ina jin nauyin kawo nawa, don a ido wasan yara ne. Amma yau sama da shekara ashirin ke nan abin yana zaune mini a ƙirji, na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ina da aboki ɗan Sabon Gari wanda muke zama benci ɗaya a aji. Bayarabe ne, Musulmi, kakansa ne ya zo Kano fatauci ya zauna. A nan aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗi, abin da ya daɗe yana ba ni haushi. Mahaifinsa yana sayar da kayan lantarki na gwanjo a kasuwa, a shagonsa na fara ganin 'yar na'urar gem da ake riƙewa a hannu, a zura mata kaset ta baya. Sai da na yi wata biyu ina damun yayana kafin ya saya mini irinta don ya huta. Wasan da muke yi shi ne ka yi ta yawo cikin daji da kogo kana kama halittu, ka rene su, ka haɗa su faɗa da na wasu har ka zama gwani. Ranar Asabar ko dai in tafi gidansu mahaifiyarsa ta cika ni da amala tana dariyar yadda yaji ke sa ni hawaye, ko shi ya zo namu Inna ta zuba masa tuwo. Mukan zauna a zaure, kai da kai, har batir ya mutu.

Cikin duk halittun wasan akwai wani tsuntsu da fukafukansa harshen wuta ne, guda ɗaya tak a kowane kaset, kuma yana can nesa, inda sai mai haƙuri yake kaiwa. Abokina mai haƙuri ne. Sati guda ya yi yana fama kafin ya kama shi, ranar kuwa da gudu ya zo Fagge yana haki, ya nuna mini kafin ya nuna wa kowa. Na taya shi murna da baki, amma cikina hassada ce zalla, don ni ko rabin hanya ban kai ba, na maƙale a wurin wani abokin karawa da ya ƙi kayuwa. Yana da wata 'yar waya da ake haɗa na'ura biyu da ita a yi musayar halitta. Sai na tasa shi gaba da magiya ya ara mini tsuntsun zuwa Asabar mai zuwa. Ya ce mini tsuntsun ba zai ji maganata ba tunda ban yi nisa a wasan ba. Na rantse masa sati ɗaya kawai. Ya haɗa wayar, muka zuba ido har tsuntsun ya bar nasa allon ya bayyana a nawa, ni kuma na ba shi wani ɗan ɓera mara amfani a madadinsa.

Gaskiya ya faɗa. In na ba tsuntsun umarni sai ya juya mini baya, wani lokacin ma ya kwanta barci ana tsakiyar faɗa. Amma yaran unguwarmu ba su damu da wannan ba. Suka riƙa taruwa a ƙofar gidanmu suna leƙe, ni kuwa na ce musu ni na kama shi da kaina. Matsala ɗaya ce: wasan yana rubuta sunan ainihin mai halitta a ƙarƙashinta, kuma ba ya gogewa. Sai in ɗora babban yatsana a kan sunan abokina duk lokacin da zan nuna musu. Asabar ta zo, na hango shi tafe da wayarsa a hannu, na ce wa yayata ta gaya masa an aike ni shago. Asabar ta gaba ma haka. Hutu ake yi, babu inda za mu haɗu, na ce a raina sati ɗaya kawai zan ƙara.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Babana ya je jana'iza, Inna ta je gaisuwa, ta ce in shirya mu tafi tare, na ce cikina ke ciwo. Wallahi ba tsuntsun nake ƙyashin mayarwa ba a ranar, kunya ce ta riƙe ni. Da wace fuska zan shiga gidan da na guje wa ɗansu sau biyu? Na ce gobe zan je ni kaɗai. Goben ta zama jibi, jibin ta zama wata guda, kuma kullum kunyar ƙara girma take. Da aka koma makaranta bai dawo ba, aka ce yana zama a shago tare da ƙanin babansa. Daga gidanmu zuwa shagon nan tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba, amma na kasa yin ta.

Bayan mahaifiyarsa ta fita takaba, wata Juma'a da la'asar, na ji sallamarsa a zaure. Na ruga ɗakin da Baba yake ajiye dilolin atamfa, na lafe a bayansu. Ina jin muryarsa yana gaida Inna, ina jin tana yi masa ta'aziyya karo na biyu. Ta ƙwala mini kira sau uku, don ta san ina gidan, na yi gum. Ya zauna ya daɗe, har aka kawo masa ruwa, sannan na ji takunsa ya fita. Da na fito, Inna ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Ta miƙo mini wata baƙar leda, ta ce abokina ya zo sallama ne, gobe za su koma garinsu a kudu gaba ɗaya. Ya ce a gaya mini ba tsuntsun ya zo karɓa ba, ya bar mini, so yake kawai ya gan ni. Ya ce in ajiye abin da ke cikin ledar, in Allah ya sa ya dawo Kano ma yi wasa. Na buɗe, wayar nan ce, a nannaɗe tsaf yadda yake nannaɗe ta. Washegari da sassafe na tafi Sabon Gari da gudu, na tarar da kwado a ƙofa. Wata maƙwabciya ta ce mini tun bayan asuba suka tafi tasha. Na je shagon, an rufe shi, daga baya ma wani ya kama.

Yanzu ni nake zaune a shagon Baba, ina da mata da 'ya'ya uku. Duk Bayarabiyar da ta zo sarin atamfa sai na tambaye ta, har wasu sun ɗauke ni mai surutu. Amma me zan ce musu? Sunansa na fari kawai na sani, ban taɓa tambayar sunan garinsu ba, don ban taɓa tunanin Kano ba ita ce garinsu ba. Na'urar da kaset ɗin da wayar suna cikin akwatina. Lokaci-lokaci nakan sa batir in kunna, ba don in yi wasa ba, sai don in kalli sunan nan da na riƙa rufewa da yatsa. Da Sallar bara 'yata ta ce in nuna mata tsuntsun da nake ba su labari. Na kunna, wasan ya ce in fara sabo. Babu tsuntsu, babu suna. Na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari, ya buɗe kaset ɗin ya nuna mini wani ɗan batir kamar maɓallin riga, ya ce shi ke riƙe da duk abin da aka ajiye, kuma ya mutu. Ya ce zai iya sa mini wani in fara daga farko. Na yi masa godiya na karɓi kayana. A adaidaita sahu ina dawowa na yi kukan da ya kamata in yi a gidansu ranar rasuwa.

Abin da na koya shi ne ƙaramin laifi ba ya zama wuri ɗaya. Na riƙe abin aro sati ɗaya, kunyarsa ta hana ni gaisuwar mutuwa, kunyar wannan kuma ta hana ni sallama. Duk mai karanta wannan da yake kauce wa wani saboda nauyin abin da ya yi masa, don Allah ya tashi ya je yau, kunyar gobe ta fi ta yau nauyi. In kuma wanda ka ɓata wa ya yi sallama a ƙofarka, fito ka amsa, ba lallai haƙƙinsa ya zo nema ba.

Kai kuma, abokina, in wannan mujalla ta kai inda kake, na san ba ka manta Hausa ba. Ina cikin ɗakin atamfa ranar nan, kuma na ji muryarka. Ka yafe mini. Tsuntsunka ya tafi a hannuna, amma wayar tana nan yadda ka nannaɗe ta, kuma ba mu tashi daga gidan ba.